Yadda zaka zaga wuraren bauta da wuraren tarihi na Japan cikin natsuwa

Jama'a duk wanda Allah ya nufa da zuwa Japan, ko karatu ne ya kai shi ko kwas na wajen aiki ko sarin kayan mota ko dai yawon buɗe ido kawai, akwai abu ɗaya da nake so ya riƙe tun kafin ya haɗa jaka: yawancin wuraren tarihin ƙasar nan wuraren bauta ne, kuma har gobe ana bauta a cikinsu, ba kango bane da aka kewaye don baƙi su ɗau hoto. Abin da yake damuna da baƙi shi ne mutum ya jera wuri takwas ko goma a rana ɗaya, ya yini yana gudu daga bas zuwa jirgi, ya dawo otal ƙafa ta kumbura, waya cike da hotuna amma in ka tambaye shi wanne ne wanne sai ya kasa faɗa maka. Wuri biyu ko uku a rana, da sassafe, a hankali, wallahi ya fi.

Mataki na farko: ka san ina kake shiga

Addini biyu ne suka gina waɗannan wurare. Akwai Shinto, addininsu na gargajiya, wurin bautarsa suna ce masa jinja, akwai kusan 80,000 a ƙasar. Sai addinin Buda da ya shigo musu ta Koriya a ƙarni na 6, haikalinsa kuma sun haura 70,000. Gane su ba wuya. In kaga ƙofa ta ginshiƙai biyu da sanda biyu a gicciye a sama, babu gambu babu bango, yawanci ja mai ruwan lemo, ita ce torii, to wurin Shinto ne. In kuma kaga ƙatuwar ƙofa mai rufi da gumaka biyu masu muzurai a gefe da gefe, ga tukunyar turaren wuta tana hayaƙi a tsakar gida, ga ƙararrawa ƙatuwa a rataye, to haikalin Buda ne. Ko daga suna zaka gane, wanda ya ƙare da ji ko dera na Buda ne, wanda ya ƙare da jinja, jingu ko taisha na Shinto ne. Kada ka ruɗe in ka gansu a fili ɗaya, ɗaruruwan shekaru a cakuɗe suke sai a 1868 gwamnati ta raba su, shi yasa a unguwar Asakusa ta Tokiyo zaka ga haikalin Senso-ji ga kuma wurin Shinto manne a gefensa.

Wani abu kuma, a taswirarsu zaka riƙa ganin wata alama mai kama da ta 'yan Nazi, kada gabanka ya faɗi, tsohuwar alamar addinin Buda ce da ta girme wa Hitila da dubban shekaru, tana nuna inda haikali yake ne kawai.

Mataki na biyu: lokaci da takardu

In kana da zaɓi, ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu lokacin furen sakura ne, tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshenta kuma ganyaye ke juyewa ja da ɗorawa, nan ne wuraren suka fi kyau kuma nan ne suka fi cika da tsadar otal. Ni dai nafi son tsakiyar Mayu ko Oktoba. Guji ƙarshen Afrilu zuwa 5 ga Mayu, hutun ƙasa ne kowa na kan hanya, haka tsakiyar Agusta, haka ranakun 1 zuwa 3 ga Janairu da miliyoyin mutane ke tururuwa wuraren bauta don ziyarar sabuwar shekara. Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce, Agusta kuma zafi ne mai gumi, kada kace ai mun saba da rana, wannan mai ɗanko ne kuma hawan tudu zaka yini kana yi.

Mai fasfon Najeriya sai da biza, ofishin jakadancin Japan yana Abuja, kuma suna son ganin jadawalin tafiyarka rana-rana da inda zaka kwana, don haka tsarin da zamu yi a ƙasa zai maka amfani tun a nan. Babu jirgi kai tsaye, sai ka canza a Adis Ababa ko Doha ko Dubai ko Istanbul. Sun riga mu da awa 8, kwanakin farko zaka riƙa farkawa a lokutan da baka saba ba, in ka tsinci kanka ido biyu da asuba to kayi sallah ka fita kawai, lokacin ne ma wuraren suka fi daɗi.

Mataki na uku: tsara hanya

Kiyoto ce cibiya, ita ce babban birninsu daga 794 har 1868, kafin ita Nara ce daga 710. Don haka in kwananka kaɗan ne ka ba Tokiyo rana ɗaya ko biyu, ka tattara sauran ka kai Kiyoto da Nara. Jirgin ƙasa mai gudu, shinkansen, yana kai ka Kiyoto daga Tokiyo cikin awa 2 da kwata, kuɗinsa wajen yen 14,000. Nan ne mutane ke asarar kuɗi, sai suji ana cewa a sayi tikitin JR Pass, wanda ke ba baƙo damar hawa jiragen kamfanin JR na wasu kwanaki da biya ɗaya, to a Oktoban 2023 na kwana 7 ya koma yen 50,000, kai kuma zuwa da dawowa Kiyoto bai kai 30,000 ba, in ba zaka wuce har Hiroshima ka ƙara da wasu garuruwa ba to bashi da riba, zauna da biro ka lissafa kafin ka biya. Abin da lallai kake buƙata shi ne katin taɓawa, Suica ko Pasmo ko ICOCA, ka loda masa kuɗi, yana aiki a jirgi da bas da kantuna. Babban akwati kuma kada ka ja shi zuwa haikali, akwai akwatunan ajiya masu makulli a tashoshi, kuma otal zasu iya tura maka shi gari na gaba ya iso washegari.

A jakar baya ka saka: takalmi mai sauƙin cirewa a ƙafarka, safa mai tsafta wadda bata huje ba, ƙaramin hankici don wasu banɗakunan babu abin goge hannu, leda ta zuba shararka don zaka yi tafiya mai nisa baka ga kwandon shara ba kuma ba a yarwa a ƙasa, tsabar kuɗi don ƙananan haikalai da yawa basa karɓar kati, da kan caja mai baki biyu shafaffu don soket ɗinsu ba irin namu mai baki uku bane.

Mataki na huɗu: ladabin shiga, da inda zaka tsaya

Wannan ne ya fi muhimmanci a wajena don nasan da yawa cikinmu Musulmi ne, wasu Kirista, kuma tambayar da ke zuciya ita ce to in na shiga sai nayi abin da suke yi? A'a. Babu mai tilasta maka, babu ma mai kallonka. Amma ka san me suke yi don kada ka tsaya musu a hanya.

Kusa da ƙofa akwai kwamin dutse da ruwa ke zuba, da ludayi masu dogon hannu a jere. Mai ibada zai ɗebi ruwa ya wanke hannun hagu, sannan dama, ya zuba a tafinsa ya kuskure baki, sai ya ɗaga ludayin sauran ruwan ya gangaro ya wanke mariƙin. Tsarkin ibadarsu ne, kai wuce abinka, amma don Allah kada ka sha, kada ka cika gorarka, kada kayi alwala a wurin. Daga nan zasu je gaban ɗakin su jefa kwandala a akwatin katako, su kaɗa igiyar ƙararrawa, su rusuna sau biyu, tafi biyu, su ƙara rusunawa ɗaya, a haikalin Buda kuma babu tafi sai haɗa hannu shiru. Kai ka ja gefe, ka rage murya, ka bar musu gaban, kada ka kafa waya a fuskar mai addu'a. Tsakiyar hanyar shiga wurin Shinto a wajensu ta abin bautarsu ce, su kansu gefe suke bi, kai ma bi gefe, baka rasa komai ba. Dokin ƙofa mai tudu na haikali tsallake shi ake yi ba a takawa.

Inda kaga an jera takalma ko an miƙo maka leda, cire naka kamar dai yadda muka saba a ƙofar masallaci, tabarmarsu ta tatami ba a hawanta da takalmi ko silifas. Maza kan cire hula a cikin ɗaki, hijabi kuma 'yar'uwa babu mai ce miki komai. Hoto a fili ba matsala, cikin ɗakin gumaka ne sau da yawa aka hana, duba alamar kyamara da aka soke.

Sai kantin da ke cikin harabar, nan fa a kula. Waɗannan 'yan jakunkunan zane masu kyau da ake ce wa omamori layu ne, na jarrabawa da na haihuwa da na kariya daga hatsarin mota, naga mutane sun saye su a matsayin tsaraba basu san ko mene ne ba. Takardun da ake zara daga akwati bayan an girgiza gwangwani, omikuji, duba ne. Allunan katako da ake rubutu a rataye roƙo ne ga abin bautar wurin. In tsaraba kake so fita waje, ga mafici na hannu ga kofunan shayi ga koren shayi ga zannuwa. Kuɗin tikitin shiga, yawanci yen 500 zuwa 1,000, daban yake da na akwatin baiko da masu ibada ke jefawa. In zuciyarka bata natsu da shiga ɗakin da gunki yake ba to ka tambayi malaminka tun a gida, kuma ko a harabar ka tsaya, lambun da ginin kaɗai sun biya ka wahalar zuwa.

Mataki na biyar: Tokiyo a taƙaice

Senso-ji a Asakusa shi ne mafi tsufa a birnin, tarihinsa na komawa 628, amma babban ɗakin da zaka gani an sake gina shi ne a 1958 bayan ruwan bama-baman 1945 ya cinye na da. Zaka shiga ta ƙofar Kaminarimon mai ƙatuwar fitilar takarda ja, ka bi layin kantuna na Nakamise mai tsawon wajen mita 250. Je kafin ƙarfe takwas ko bayan magariba da aka kunna fitilu. Sai Meiji Jingu kusa da Harajuku, an buɗe shi 1920, dajin da ke kewaye da shi dasa shi aka yi da itatuwa kusan 100,000 da jama'a suka bayar daga ko'ina a ƙasar, kana shiga hayaniyar gari take yankewa sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin takalminka. In Juma'a ce ka haɗa su: Meiji da safe, sai ka hau jirgin layin Chiyoda tasha biyu zuwa Yoyogi-Uehara kayi sallah a masallacin Tokyo Camii, ginin Turkawa ne mai kyau da aka sabunta a 2000, akwai kantin halal a ciki.

Mataki na shida: Kiyoto, nan zaka kashe lokacinka

Fara da Fushimi Inari, kuma ka fara da wuri, ƙarfe shida in zaka iya. Kyauta ne, ba a rufe shi dare da rana, minti biyar ne daga tashar Kiyoto a layin JR Nara, amma ka tabbata jirgin da zaka hau yana tsayawa a Inari. Tun 711 yake, kuma abin da ya kai sunansa duniya shi ne dubban ƙofofin torii jajaye da aka jera manne da juna har suka zama rumfa mai hawa dutse. Da safe haske na ratsowa ta tsakanin ginshiƙan layi-layi, ƙasa da ɗan danshi, hankaki na kuka a sama, gumakan yanyawa a gefe wasu da mabuɗi a baki an ɗaura musu jan ƙyalle a wuya. Kana hawa ginshiƙan babu rubutu, sai ka juyo zaka sauko kaga bayan kowanne an rubuta da baƙin fenti sunan kamfani ko mutumin da ya biya kuɗinsa da ranar da aka kafa, wasu fentinsu na ƙyalli wasu gindin ya fara ruɓewa ana jiran canji, don 'yan kasuwa ne suka fi riƙe wurin. Dutsen mita 233 ne, zagayen gaba ɗaya awa biyu zuwa uku, amma gaskiya in ka kai mararrabar Yotsutsuji inda ake hango gari ka ga abin da zaka gani, juyo. Kana saukowa wajen tara zaka tarar da ƙasan ya cika maƙil har ba a iya ɗaga hannu, a nan zaka gode wa Allah da ka yi sammako.

Kiyomizu-dera ma ana buɗe shi tun ƙarfe shida, ka ware masa wata safiyar. An kafa shi 778, ginin yanzu na 1633 ne, barandarsa ta katako tana tsaye a gefen tudu mita 13 daga ƙasa kuma babu ƙusa a ginshiƙan, sassaƙa aka yi aka zura wannan cikin wancan. Kada ka tsaya a sama kawai kamar kowa, sauko ta hanyar ƙasa ka ɗaga kai ka kalli yadda aka saƙa ginshiƙan, duk wanda ya san aikin kafinta sai ya jinjina. Ruwan da ke zubowa kashi uku a ƙasa da mutane ke layin sha, na neman tabarraki ne a wajensu. Daga nan gangara ta Sannenzaka da Ninenzaka, tsofaffin lunguna masu daɓen dutse.

Kinkaku-ji mai zinare, zan faɗi gaskiya, kyakkyawa ne ƙwarai amma ziyarar minti arba'in ce. Shugaban soja Ashikaga Yoshimitsu ya gina shi 1397, wani matashin almajirin haikalin ya banka masa wuta a 1950, aka sake gina shi 1955. Hawa biyu na sama an lulluɓe su da zinare, ba a shiga ciki, hanya ɗaya ce kowa ke bi ya fita. Haɗa shi da Ryoan-ji da ke kusa, lambun farar tsakuwa da duwatsu 15 da aka jera yadda duk inda ka zauna a barandar baka ganinsu duka, zauna ka huta ƙafa. Wanda nafi so mutane su sani kuma basa zuwa sosai shi ne Sanjusangen-do, zaure ɗaya mai tsawon mita 120 da mutum-mutumi 1,001 a tsaye sahu-sahu, an hana hoto sam, shi yasa ma wurin yake da natsuwa.

Bas ɗin Kiyoto na cika sosai har 'yan gari na rasa wurin shiga, inda jirgi ke zuwa hau jirgi ka ƙarasa da ƙafa. A unguwar Gion kuma kada ka bi matan geisha, masu nishaɗantar da baƙi cikin shigar gargajiya, da kyamara, wasu lungunan mallakar mutane ne, akwai allon gargaɗin tarar yen 10,000.

Mataki na bakwai: Nara

Kimanin minti 45 daga Kiyoto. Todai-ji ne dalilin zuwa, mutum-mutumin Buda na tagulla mai tsayin kusan mita 15 da aka ƙaddamar a 752, cikin zauren katako na 1709 wanda duk girmansa bai kai faɗin na asali ba. Kafin ka isa sai ka ratsa barewa sama da 1,000 da ke yawo sake a filin. Ana sayar da biskit ɗinsu a gefen hanya, kana saye zasu kewaye ka, wasu na sunkuyar da kai wasu na jan gefen riga, kuma takarda suke ci, taswira ko tikiti ko kuɗi in ka riƙe a hannu sun tafi. Miƙa musu biskit ɗin da sauri kada ka ja musu rai, in ya ƙare ɗaga tafukanka biyu su gani babu komai zasu watse. Kula da yara, kuma mazan barewar suna da faɗa a lokacin kaka. Mai son tsohon gini ya ƙara gaba zuwa Horyu-ji, yana cikin gine-ginen katako mafiya tsufa da suka rage a duniya.

Mataki na takwas: sallah da ciki

Alƙibla a Japan yamma take ta ɗan karkata arewa, saka manhaja a waya kada sabo ya juya ka. Filayen jirgin Narita da Haneda da Kansai duk akwai ɗakin sallah, akwai masallaci a Asakusa da Kiyoto da Osaka, na Kobe kuma tun 1935 yake, shi ne mafi tsufa a ƙasar. Kada ka shimfiɗa darduma cikin harabar haikali, nemi lambun gwamnati ko ka koma masauki. A Disamba rana na faɗuwa Tokiyo wajen huɗu da rabi, haikalai ma huɗu ko biyar suke rufewa, tsara yininka a kan haka. Banɗakinsu yawanci akwai maɓallin fesa ruwa, tsarki ba zai baka wahala ba.

Abinci ne sai an yi hattara, romon taliyarsu ta ramen sau da yawa na alade ne, kuma suna zuba giyar shinkafa, wadda suke ce wa sake da mirin, a miya da yawa ko ta kifi ce. Ko abincin malaman haikali da babu nama babu kifi tambayi ko an sa mirin. Nemi gidajen abinci masu shaidar halal tun da dare ka sa musu alama a taswira, suna nan a Asakusa da Kiyoto, ga na Indiyawa da Turkawa, ka kuma riƙe dabino ko gyaɗa a jaka don kan dutsen Inari yunwa bata sallama.

In kwana ya rage

Wuce yamma. Sauka a Himeji ka ga farar fadar yaƙi ta 1609 da ta tsira daga bama-baman 1945, matakalarta ta katako a tsaye take sosai kuma da safa ake hawa takalmi a leda, mai ciwon gwiwa ya tsaya a harabar ya fi masa. Sai Hiroshima, ginin da bam ɗin nukiliya na 6 ga Agusta 1945 ya bari da gidan tarihin da ke kusa, ba wajen dariya da hoton gayu bane, ka ba shi rabin yini a natse. Daga nan jirgin ƙasa zuwa Miyajimaguchi, jirgin ruwa minti goma zuwa tsibirin Miyajima, akwai harajin baƙi yen 100 da ake haɗawa da tikiti tun 2023. Ƙofar torii ta Itsukushima mai tsayin wajen mita 16 tana cikin teku, in ruwa ya ciko kamar tana yawo a kai, in ya janye zaka taka har gindinta, tsakanin biyun wajen awa shida ne, don haka duba jadawalin cikowar ruwa na ranar kafin ka sayi tikiti, ka kuma duba lokacin jirgin ruwa na ƙarshe in ba a tsibirin zaka kwana ba.